Yadda Mutari Ya Kayar da Kansa

A shekara ta biyu bayan samun 'yancin kai, an yi wani saurayi a Yamai ana ce masa Mutari. Daga wajen Tasawa ya zo neman abinci, ya tsaya dako a bakin kogi, inda jirage ke sauke buhunan shinkafa. Allah ya ba shi jiki. Kilo casa'in da shida ne nauyinsa, buhu biyu yake ɗauka a tafiya ɗaya. Amma yana da aibi guda: zuciyarsa ba ta da linzami. Kalma ɗaya ta isa ta juya masa kai, kuma duk abin da bai ba shi sakamako yau ba, gobe ba za a gan shi a kansa ba.

Akwai wani dattijo Bazabarme mai suna Sumana, tsohon soja, wanda ya koyo damben Turawa, wato boks, a barikin Faransa. Yana koyar da samari a bayan gidansa, inda ya rataye buhun yashi a reshen itacen bedi. Ranar da ya ga Mutari ya naushi buhun nan har igiya ta tsinke, sai ya cire hularsa ya zauna.

"Yaro," in ji shi, "shekara goma sha biyar ina neman hannu irin naka. In ka ba ni kanka shekara biyu, ƙasar nan za ta san sunanka."

"Baba, ai ga ni," in ji Mutari.

Ba a yi wata shida ba ya kayar da mutum bakwai, dukkansu tun a turmin farko. Mutane suka sa masa suna Guduma. In ya bi ta kasuwa, mahauta su miƙo masa tsire, direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, su danna masa oda. Daga nan gudun safe ya fara yi masa nauyi. In Sumana ya ce a koyi kare fuska, sai Mutari ya ce wa zai kai ga fuskarsa? In abokin gwaji ya taɓa masa hanci, sai ya manta gwaji ake, ya bi shi da duka har sai an rirriƙe shi.

Wata rana Sumana ya zaunar da shi ya ce, "Mutari, ba na jin tsoron kowa a kanka sai kai. Za ka gamu da wanda ba zai faɗi a turmin farko ba. Ran nan me za ka yi?"

"Zai faɗi a na biyu, Baba."

"In bai faɗi ba fa?"

Mutari ya yi dariya, ya tashi ya tafi.

Ana nan sai aka ce za a zaɓi 'yan damben da za su wakilci ƙasa a wata gasa a waje. A ajin masu nauyi mutum biyu suka rage, Mutari da wani makanike mai suna Yakuba. Yakuba bai kai shi ƙarfi ba, kowa ya sani, shi ma ya sani. Sai dai shekara huɗu bai taɓa fashin gudun safe ba.

Da la'asar aka yi karon, fili ya cika har kan katanga. A turmin farko Mutari ya kai Yakuba ƙasa, amma kafin alƙalin wasa ya ƙirga takwas ya miƙe. A na biyu ya fasa masa gira. Da aka zo hutu Sumana ya shafa wa Mutari ruwa a wuya, ya ce, "Ka riga ka ci. Minti uku suka rage. Ɗaga hannunka, ka kare kanka, kada ka saurari komai."

Turmi na uku Yakuba ya rungume shi, ya sa baki a kunnensa ya ce, "Ɗan dako, ƙarfin ke nan duka?"

Shi ke nan. Idon Mutari ya rufe. Ya saki fuska ya shiga kai duka ta ko'ina, yana dukan iska, Yakuba yana gocewa yana saka masa ɗaya-ɗaya a hanci. Mutane suka fara dariya. Aka kaɗa ƙararrawa, Yakuba ya sauke hannu ya juya zai koma wurinsa, sai Mutari ya bi shi ya zabga masa naushi a ƙeya. Alƙalin wasa ya shiga tsakani, shi ma ya hankaɗe shi ya faɗa kan igiya. Nan take aka ɗaga hannun Yakuba, shi kuwa Mutari aka hana shi dambe shekara biyu.

Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Washegari Sumana ya same shi a bakin kogi ya ce, "Shekarunka ashirin da uku. Shekara biyu ba komai ba ce. Kullum bayan asuba mu yi gudu har hanyar Tondibiya, ni a keke, kai a ƙasa. Hannunka ba ya bukatar gyara, kanka za mu gyara."

Mutari ya yi kuka, ya rantse. Ya zo kwana tara. Ran na goma ya ce ƙafarsa na ciwo. Bayan nan Sumana ya yi ta tsayuwa da kekensa a ƙofar gida har rana ta fito, babu shi.

Bayan wata uku, da tsakar rana, 'yan dako suna hutawa a inuwar wani kamiyo, rediyon direba ta ce Yakuba ya dawo da lambar yabo. Wani daga cikinsu ya ce, ba da wata manufa ba, "Kai, Guduma, da yanzu sunanka muke ji." Mutari ya miƙe. Bai doki mutumin ba. Ƙofar kamiyon ya nausa da iyakar ƙarfinsa, daidai wurin ƙarfen maƙalli.

Ƙasusuwa huɗu suka karye a hannunsa na dama. Likita ya ɗaure, ya ce kada ya taɓa sai bayan kwana arba'in. A kwana na goma sha biyu ƙaiƙayi ya dame shi, ya sa wuƙa ya yanke ɗaurin. Hannun ya warke a karkace, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa. Ba dambe kaɗai ba, ko kunnen buhu ba ya iya riƙewa.

Shekaru suka wuce. Mutari ya koma gadin wani kanti, yana zaune a kan benci yana korar awaki daga bakin ƙofa. Wata ranar Juma'a Sumana ya biyo ta nan, ya tsufa, yana dogara sanda. Mutari ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, yanzu na yi sanyi. Wallahi ko zagina aka yi ba na tankawa."

Dattijon ya kama hannun nan ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce, "Na yarda, ɗana. Amma da me za ka yi damben?"

Ya sake shi, ya wuce masallaci.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, baiwa kyauta ce daga Allah, amma riƙe ta aikin mutum ne. Wanda bai iya mallakar zuciyarsa na minti uku ba, ƙarfin shekara ashirin ba zai amfane shi ba. Ka koyi haƙuri da jin magana tun damarka tana hannunka, domin hankalin da ya zo bayan ta kuɓuce ba ya dawo da ita.