Turaren Kirfa a Fuskar Aboki

An yi wani mai aski da abokansa ke kira Yanzu-Yanzu, saboda bai iya jiran komai ba. Hannunsa na da kyau, ga fara'a, amma gaggawa ta yi masa katutu. Bayan aski, ba abin da yake so kamar turare. Mutum na shigowa shagonsa zai ɗaga hanci ya ce, "Sandal ne wannan, da ɗan miski a ƙasa!" Kuma da wuya ya kuskure.

Wata rana ya ƙudurta sai ya haɗa nasa turaren, irin wanda ake shafa wa maza bayan gyaran fuska. Ya garzaya shagon yayarsa mai sayar da kayan ƙamshi, ya kwashi man sandal, da saiwar jema, da ɓawon lemu, da man kanumfari da na kirfa.

Yayar ta ce, "Ƙanena, kirfa da kanumfarin nan wuta ne a kwalba. Ɗigo kaɗan za ka sa, ka sirka da mai mai sanyi. Ka bar shi ya kwanta na 'yan makonni, sannan ka gwada a hannunka kafin ka taɓa fuskar kowa."

"Na ji, Yaya!" in ji shi, ƙafarsa ɗaya na waje.

Yana komawa ya ture tawul da almakashi gefe, ya baje kwalabe a kan tebur. Ya zuba wannan, ya ɗiga wancan. Ƙamshin kirfa ya bugi hancinsa, daɗi ya kama shi, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Nan da nan shago ya ɗauka. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo da allura a baki ya ce, "Kai! Wane attajiri ne ya ɓato hanya ya shigo layinmu?" Yanzu-Yanzu har da tsalle.

Washegari sai ga amininsa na ƙuruciya, baki har kunne. Ya daɗe yana aiki a gidan talabijin, kuma a ranar ne zai fara karanta labarai.

"Mutumina, yau ranarka ce!" in ji mai askin. "Zauna in gyara ka, sannan in ba ka abin da ko minista bai taɓa shafawa ba."

Ya yi masa aski tsaf, ya tsiyayo turaren a tafi, ya mulka masa a kumatu da wuya.

Aminin ya yamutsa fuska. "Yana da zafi fa."

"Aiki yake yi! Tashi ka tafi, kada ka makara."

Da lokacin labarai ya gabato, ya kunna talabijin ɗin shago, ya tara maƙwabta. "Ku zo ku ga fuskar da na gyara!" Aka cika shago, ana ta raha. Kiɗan labarai ya tashi, sai ga wani mutum daban a kan kujerar.

Wayarsa ta yi ƙara. Matar aminin ce, tana kuka, ta ce suna asibiti.

Ya same shi a kwance, fuska ta kumbura ta yi ƙuraje, idanu da ƙyar suke buɗewa. Ya durƙusa gaban gadon ya faɗi gaskiya, cewa bai sirka ba, bai jira ba, bai gwada ba. Aminin ya ce, "Shekaru na yi ina jiran ranar nan. Kai kuma 'yan makonni suka gagare ka."

Fuska ta warke da tabo, amma kujerar labarai ta riga ta zama ta wani. Magana ta zagaye unguwa, masu zuwa aski suka koma wani shagon. Aminin ya yafe masa, sai dai bai ƙara zama a kujerar mai askin ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kasancewar abu daga itace ko saiwa ya fito ba ya nufin ba zai cutar ba. Duk abin da za ka ɗora a jikin wani, ka bi ƙa'idarsa, ka saurari wanda ya san shi, ka ba shi lokacinsa. Sau da yawa mai gaggawa ba shi kaɗai yake shan wahalarta ba, wanda ya amince da shi ne yake fara ɗanɗanawa.