Zabuwa da Dajin da Ya Manta da Ita

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu saurara.

Gobara ta cinye wani daji ƙurmus. Dabbobi duk suka tsere, Zabuwa mai tsiwa kaɗai ta zauna cikin toka. Tana tono, tana zubar da iri a kashinta, har ciyawa ta tsiro. Bayan ciyawa sabara ta fito, a gindin sabara kuma kanya da ɗorawa suka tashi. Da suka yi rassa, sai inuwarsu ta kashe ciyawar da Zabuwa ke ɓoye ƙwanta.

Kwatsam sai ga Biri ya dawo, ya ɗare kan kanya. Ya ce, "Ke baƙuwa, wa ya ba ki izinin shiga dajin kakanninmu?"

Zabuwa ta ce, "Ni ce baƙuwa? Da nan ke toka, kana ina?"

Biri ya ce, "Ni ban san toka ba. Kama gabanki!"

Zabuwa ta harzuƙa. "Marar kunya! Kanyar da kake tsotsa daga kashina ta fito!"

Biri ya dubi kanyar, ya ƙara jefa wata a baki.

Zabuwa ta nufi wani ƙonannen fili ta soma tono, tana zage-zage. Har yau ba ta rufe baki ba.

Ƙurunƙus, kan ɓera ba nawa ba!