Famfon Man Da Ya Yi Shiru

Akwai wani mutum, manomi, wanda yake da tsohuwar mota. Motar nan ta girmi autarsa Ƙauna, wadda ita ma yanzu tana gidan miji da goyo. Ƙofar direba ba ta buɗuwa sai ta ciki, fenti kuwa rana ta cinye shi har ba mai iya rantsewa a kan asalin launinsa. Amma mutumin yana ƙaunar motarsa, yana kuwa da dalili. Matarsa Saraya ta shekara uku ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta, ga shi majami'a tana hayin rafi, tafiyar da mai lafiya ma sai ya yi gumi. Kowace Lahadi yakan ɗauki Saraya cak, ya zaunar da ita a kujerar baya, ya gyara mata zane, su tafi sujada. In ba motar, Saraya ba ta zuwa ko'ina.

To, mutumin nan yana da wani hali, na kuwa san wasunku za su sunkuyar da kai. Bai taɓa cika tanki ba. Ba rashi ba ne, hali ne kawai. Zai wuce gidan mai ko kallo bai yi ba, sai ya tsaya wurin masu galan a bakin hanya ya ce a zuba lita biyu, ai nan da can ne. Allurar mai kullum tana kwance a kan ja. Har alfahari yake yi da abin, yana ce wa maƙwabta, "Tawa motar ko ƙanshin mai ta ji, ta tafi."

Ana nan, sai motar ta fara shessheƙa in ta zo hawan tudu. Ya ce tsufa ne. Ta fara mutuwa a tsakiyar hanya, sai ta huta kafin ta tashi. Ya ce zafin rana ne. Wata safiyar Lahadi, bayan ya riga ya zaunar da Saraya a baya da littafin waƙoƙinta a cinya, ya murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Suna nan zaune har suka ji ƙararrawar majami'a ta biyu daga hayi. Sai ya sake ɗaukar matarsa ya mayar da ita ɗaki.

Mutumin bai zauna ba. Wani ya ce batir ne, ya canja batir. Wani ya ce fulogi ne, ya canja fulogi. Har wanke injin ya yi da omo, ya goge shi yana ƙyalli, sai ka ce tsabta ce ke tayar da mota. Lahadi huɗu suka wuce haka. Saraya ba ta yi gunaguni ko sau ɗaya ba. Sai dai kowace Asabar takan roƙe shi ya miƙo mata zanen zumuntar mata da dutsen guga, ta goge zanen a kan tabarma, ta ninke, ta ajiye kusa da filo. Ranar Lahadi da yamma ta ce ya mayar akwati. Wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce ta zage shi.

A mako na biyar wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya biyo ta ƙauyen. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan, ya harbi taya can, ya ce, "Maigida, wannan ta gama aikinta a duniya. Ba abin da ya rage mata sai sikeli." Zuciyar mutumin ta karaya, ya ce masa ya dawo jibi da babbar mota ya ja ta.

Saraya tana jin su daga gindin mangwaro inda yakan shimfiɗa mata. Da baƙon ya tafi, ta ce, "Baban Ƙauna, kafin ka ba shi, ka kira Baba Filibus ya gan ta. In shi ya ce ta mutu, na haƙura."

Baba Filibus tsohon bakanike ne da ya bar gareji ya koma gona, amma kunnensa bai tsufa ba. Ya zo da sassafe da 'yar jakar sifanu. Ya gaida Saraya da jiki, ya sha ruwa, sa'an nan ya nufi motar. Mutumin ya yi sauri zai buɗe bonet ya nuna masa sabon batir, tsohon ya ɗaga hannu ya ce ya bari. Ya zagaya baya, ya buɗe murfin tanki, ya durƙusa da ƙyar, ya kafa kunne a bakin.

Ya ce, "Murɗa makulli sau ɗaya, kada ka tayar. Kowa ya yi shiru."

Mutumin ya murɗa. Ba a ji komai ba sai kukan kurciya. Tsohon ya duba fis, lafiya lau. Ya ɗauki guntun itace ya bubbuga ƙasan tanki, ya sake sa kunne. Wani abu ya yi gurnani kaɗan can ciki, ya sake mutuwa.

Ya ce, "Injinka lafiyarsa ƙalau, yunwa ce ke damunsa. Famfon da ke tura masa mai ne ya daina aiki."

Ya sa aka kashe wutar murhu don kada mai ya kama da wuta, ya cire kan batir, ya ɗaga kujerar baya, wadda Saraya ke zama a kai. Ashe a ƙarƙashinta akwai ɗan murfi, a ƙarƙashin murfin kuma famfon yake, cikin tanki. Shekara da shekaru mutumin yana tuƙa motar nan bai san da shi ba. Tsohon ya kwance tiyo, ya zaro shi a hankali. Ɗan abu ne, tsawonsa bai kai tafin hannu ba, ya yi baƙi ƙirin, rariyar da ke gindinsa ta toshe da tsatsa da yashi.

"Yaya kake sayen mai, ɗana?"

Mutumin ya faɗa masa, wannan karon ba da alfahari ba.

Baba Filibus ya ce, "Abin nan a nutse cikin mai aka yi shi ya zauna. Man da yake turawa shi ne ke sanyaya shi. Kai kuwa ka bar shi yana aiki a bushe, yana tsotsar dattin gindin tanki, har ya ƙone."

Hawaye ya cika idon mutumin, gama ya gane shi ne da hannunsa ya hana matarsa sujada. Ya ce, "Baba, a wanke shi mana, ko a ɗaure."

"Wanda ya ƙone ba a wanke shi. Sai sabo."

Ran nan tsohon ya shiga gari, kashegari ya dawo da sabon famfo da sabuwar rariya. Ya zubar da sauran tsohon man, ya wanke tankin, ya zaunar da famfon, ya ɗaure tiyo, ya sa aka zuba mai mai yawa. Sa'an nan ya ce a murɗa makulli. Kafin ma ya sunkuya, Saraya ta ce daga gindin mangwaro, "Na ji shi. Kamar ƙudan zuma." A murɗawa ta biyu motar ta tashi. Da mai sayen ƙarafa ya iso, ya tarar ba abin ja. Lahadin nan kuwa ranar Jibin Ubangiji ce, Saraya ta karɓi gurasa da ƙoƙo a tsakiyar 'yan'uwanta mata, mijinta yana can layin maza yana share ido.

Ma'anar wannan misali ita ce: motar kai ne, ke ce. Famfon nan da ba a gani shi ne zuciya. An yi ta domin ta zauna a nutse cikin Maganar Allah da addu'a, mu kuwa sai mu riƙa ba ta lita biyu: addu'ar bakin ƙofa muna ɗaure takalmi, aya ɗaya a mako, mu ce ai nan da can ne. In ta fara shessheƙa, sai mu gyara abin da mutane ke gani. Mai sayen ƙarafa shi ne muryar nan da ke ce maka ka gama yawo, Allah ba shi da sauran aiki da kai. Ƙarya take yi. Ubangiji ba ya duban fenti, yakan durƙusa ya sa kunne inda ba wanda ya taɓa saurara. Zuciyar da ta ƙone kuma ba faci yake yi mata ba, sabuwa yake bayarwa.

Ƙaunatattu, kada wani ya ce bushewar zuciyata ni kaɗai ta shafa. Kowane ɗayanmu akwai wanda yake ɗauke da shi: ɗanka da ke kallon yadda kake addu'a, tsohuwarki da ke jiran ki karanta mata, maƙwabcin da bai san wani mai bi ba sai kai. Ba za su yi maka gunaguni ba. Za su zauna ne kawai inda ka tsaya, suna jira ka tashi.