Kwanon da Ba Shi da Jan Fenti

Akwai wata mata a Challawa, yankin kamfanoni a Kano, ana ce mata Hajiya Badi'a mai garau-garau, wato shinkafa da wake. A shekara guda ta rasa miji, ta kuma rasa ɗakin hayar da suka zauna a Ɗorayi. Abin da ta samu shi ne ɗan fili a bakin titin da tireloli ke bi, wanda ta saya da kuɗin sallamar mijin, da rumfar langa-langa, da suna. Duk yankin an san ba a yin ciniki da ita a tashi ana murmushi. Ba ta yi boko ba, amma masu kawo mata wake sun ce gara su yi ciniki da mutum uku da su yi da ita.

Mijinta, Malam Isyaku, a kamfanin fata ya yi aiki, ɓangaren da ake jiƙa fatu a cire gashi. Warin wannan aiki ba ya barin jiki ko an yi wanka. Don haka masu abincin bakin kamfanoni suka saba ware wa 'yan fata kwanukansu daban, a ɗiga jan fenti a gindin kowanne don kada a haɗa.

Wata rana Isyaku ya dawo gida ya ce, "Badi'a, yau na kifa kwanon da nake ci, sai na ga jan fenti. Ashe ni ma alama gare ni, kamar ragon sayarwa."

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da ta buɗe rumfarta bayan rasuwarsa, kwanuka iri ɗaya ta saya. Ta aje randa da sabulu a bakin shiga. Kowa ya wanke hannu, kowa ya zauna benci ɗaya. Wanda ya yatsina fuska, sai ta ce, "Nan ɗan Adam nake ciyarwa. In kai wani abu ne daban, ga hanya."

Ta rasa masu saye da dama saboda wannan baki. Amma 'yan fata suka mayar da rumfar gida, don babu wani wurin da za su ci abinci ba a matsa musu gefe ba.

Ana nan sai wani sabon kamfanin biskit ya sayi filin da ke bayanta. Suka duba, suka ga babu inda tirela za ta juya ta shiga sai ta kan rumfar Hajiya. Suka turo wakilinsu, Malam Mustapha, mutum mai ladabi da farar shadda.

"Hajiya, ku taimaka," in ji shi. "Kamfanin nan ci gaban bil'adama ne. Mutane da yawa za su sami aiki."

"Bil'adama," ta maimaita tana juya shinkafa. "Ina jin ta a rediyo kullum, ban taɓa ganin ta zo cin abinci ba. Ni Filibus na sani, da Mamman, da Uba. In na tashi, ina za su ci?"

Ya faɗi kuɗi mai kauri. Ta ce albarka. Ya dawo ya ƙara, har da tayin ta riƙa dafa wa ma'aikatansu a cikin kamfani. Sai dai 'yan fata ba za su shiga ba, wai dokar tsabta.

Wannan tayin ya taɓa ta. Gwiwoyinta sun fara ciwo, rumfar na yoyo da damina, ga 'yarta Nafisa a jami'a. Mustapha har ya fara zaton ya yi nasara. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Albarka."

Zuwansa na gaba ya faɗo daidai tashin masu aikin safe. Rumfa ta cika, warin fata ya gauraye ko'ina. Filibus, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna da ya yi aiki tare da Isyaku, ya gama cin nasa ya miƙa kwano.

"Mama, yau yajin nan faɗa kuka yi da wani?"

"Da kai zan yi in ba ka matsa wa baƙo ba. Zauna, Malam Mustapha. Ba na ciniki da mai yunwa."

A gabansa ta wanke kwanon Filibus da sabulu, ta ɗauraye, ta zuba shinkafa da wake, ta kwarara mai, ta barbaɗa yaji. Ta miƙa wa Mustapha.

Kowa ya zuba masa ido. Mustapha ya dubi kwanon.

"Hajiya, babu wani?"

"Akwai. Duk ta hannunsu suka bi."

Filibus ya sunkuyar da kai, ya fara jan jiki zuwa ƙarshen benci, kamar yadda ya saba yi a wasu wurare. Mustapha ya gani. Ya miƙa hannu ya riƙo gefen rigarsa.

"Baba, ku zauna. Ni na same ku."

Ya nannaɗe hannun shadda, ya yi bisimilla, ya ci. Yaji ya sa shi tari, aka fashe da dariya, Filibus ya miƙa masa ruwa a kofin da kowa ke sha. Ya karɓa ya shanye.

Hajiya Badi'a ta juya baya kamar tana gyara wuta, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta jawo kujera ta zauna gabansa.

"Yanzu na ga mutum. Sai a yi magana."

"To Hajiya, nawa?"

"Kuɗin da ka faɗa na ƙarshe, ka raba biyu, rabi ya ishe ni. Ɗaya rabin ku gina mini rumfa a jikin katangarku, ta waje, ƙofarta na kallon titi. Ku ja famfo, mutanen nan su daina wanke hannu a randa. Duk wanda ya zo, naku ko na fata, benci ɗaya, kwano ɗaya. Ranar da na ga fenti a gindin kwano, ciniki ya warware."

Mustapha ya ce, "Na amince, kuma ni zan tsaya a kai."

"Ban gama ba. Sabulu kuma, katan guda duk wata."

"Haba Hajiya!"

"Da sabulun na sallama," in ji ta. "Babu shi, albarka."

Darasi: Faɗin "bil'adama" ba wuya, kowa na iyawa. Mutuntaka tana bayyana ne lokacin da ɗan Adam guda, da guminsa da warin sana'arsa, ya zauna kusa da kai. Kada mu raina wanda neman halak ya ɓata wa jiki. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila ya isa gidan da har yanzu ake ware wa wani kwano.