Jarirai Goma Sha Ɗaya da Takardar Sarki

An ce wani sarki ya yi zamani a wani birni na bakin kogi, mai ƙarfin mulki ne, mai saurin yanke shawara. Yaƙi ya sarƙe tsakaninsa da sarkin ƙetare har shekara uku. Da rani a fita a yi karo, kowa ya kwashi gawarwakinsa. Da damina a koma gona, domin al'adar ƙasashen biyu ce ba a zare takobi sai hatsi ya shiga rumbu. Jama'a suka gaji. A kasuwa gunaguni, a majalisa tsaki, har 'yan koli suka fara koya wa sarki mulki, daga nesa dai, inda ba zai ji ba.

Sai sarki ya yi abin da ba wanda ya zata. A tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu, ya sa aka bi gonaki aka tattaro maza dubu biyu, aka ce musu gyaran gada za a je. Ba wanda ya koma gida ya yi sallama, ba wanda aka daka wa guzuri. A hanya aka raba musu makamai, suka ƙetare kogi yana tumbatsa, suka afka wa birnin abokan gaba da hantsi, masu tsaron ƙofa suna can gona riƙe da fartanya. Kafin azahar birnin ya faɗi.

Manzo ya iso fada da abu biyu: albishir a bakinsa, da takarda a hannunsa. A takardar akwai sunayen mutum ɗari uku, waɗanda kogi ya ci da waɗanda takobi ya ci. Sarki ya sa aka buga tambura saboda albishir, takardar kuwa ya naɗe ya zura a aljihun rigarsa. Ya umarci runduna ta zauna can ta riƙe birnin, kada kowa ya dawo. Yana so ya sake ɗibar maza ya ci gari na gaba, ya kuma san kuka ba ya tara mayaƙa.

Birni ya rikice da murna. Mata na guɗa, maroƙa na ƙara wa sarki kirari. Waɗanda jiya suke cewa yaƙin nan ba shi da kan gado, yau su ne ke rantsuwa cewa tun farko sun san sarki na da shiri.

Bayan kwana arba'in sarki ya kira wazirinsa ya ce, "Ya waziri, ina zuciyar jama'ata take?"

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tana tafin hannunka. Ka nemi dubu, dubu biyu za su fito."

"Da me ka auna?"

"Da kunnena, ya sarki. Ba ka jin kiɗa?"

Sarki ya ji daɗin amsar, amma ba ta kwantar masa da hankali ba, domin shi ya ba makaɗan umarni.

Ranar Juma'a da safe tsohon wanzaminsa ya zo yi masa aski. Sunansa Cindo, shi ne ya aske wa sarki gashin haihuwa ran sunansa, har yau kuma kan sarki da kan ɗan talaka duk da aska ɗaya yake bi. Ya jiƙa kai ya fara aiki. Sarki ya ce, "Baba Cindo, kai kake shiga kowane zaure a garin nan. Me mutane ke cewa game da nasarata?"

Cindo ya ce, "Ya sarki, waɗanne mutanen? Na dandali ko na cikin gida?"

"Ba su ne dai ba?"

"Su ne. Sai dai a dandali bakinsu ke magana, a gida kuwa idonsu na kan ƙofa."

Sarki ya ce, "Ka warware mini, ba na son zagaye."

Cindo ya goge aska a tafin hannunsa ya ce, "Tun da aka tafi gyaran gadar nan na yi askin suna goma sha ɗaya a gidajen waɗanda suka tafi. An yanka rago, liman ya raɗa suna, amma jariran nan har yau ba a san abin da za a kira su a ɗaka ba."

"Yaya yaro zai sami suna kuma a rasa abin kiransa?"

"Ya sarki, ka san al'adarmu. Yaron da aka haifa bayan ubansa ya rasu, Audi ake ce masa. Kaka ba za ta ce Audi ba, kada ta kashe ɗanta da bakinta. Ba za ta laƙaba wani suna ba, kada ta yi wa maraya wasa irin na mai uba. Sai ta biyo ni zaure ta ce, 'Cindo, kai da kake taɓa kan sarki, Audi ne ko ba Audi ba?' Su ne masu yi maka guɗa da rana. Guɗar ba ƙarya ba ce, suna tsoron in sun yi shiru a ce sun san wani abu."

A lokacin an gama kai, Cindo ya ɗaga wa sarki haɓa, ya ɗora aska a maƙogwaronsa don gyaran gemu.

Tsohon ya ce a hankali, "Na goma sha ɗayan a gidana yake. Uban yaron yana cikin waɗanda aka ɗiba." Bai ambaci sunan ba, domin ɗan farinsa ne.

Sarki kuwa ya san sunan. Ya karanta takardar nan har ya haddace ta, Hambali ɗan Cindo yana layi na bakwai, cikin waɗanda kogi ya ci. Ya ji sanyin ƙarfe a wuyansa, zuciyarsa ta ce masa ya dakata sai an ɗauke askar. Nan take kunya ta kama shi, domin ya gane abin da ya yi wa birni ke nan kwana arba'in: ya riƙe gaskiya sai ranar da ba za ta cutar da shi ba.

Bai motsa ba ya ce, "Baba Cindo, Audi ne. Hambali ya rasu a kogi."

Askar ta tsaya inda take. Tsohon ya yi salati, ya ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Sa'an nan ya ƙarasa gyaran gemun nan tsaf, hawaye na zuba, bai yi wa sarki ko ƙwarzane ba. Ya naɗe zabirarsa ya ce, "Ya sarki, kwana arba'in ina taya ka murna. Yau ka sallame ni in je in karɓi gaisuwar ɗana."

Sarki ya tashi ya sa aka sauke tambura. Ya ɗauki takardar da hannunsa, ya bi gidaje a ƙafa, kwana biyar yana faɗin sunaye a bakin zauruka. Wasu suka yi masa addu'a, wasu suka ƙi amsa sallamarsa, wata tsohuwa ta rufe masa ƙofa. Bai hukunta kowa ba. Ya aika a dawo da masu rai su ga iyalinsu, ya fasa ɗibar mayaƙa.

Waziri ya zo a damuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gari ya yi sanyi. Da ka bar takardar nan wata ɗaya, da mun ci birni na biyu."

Sarki ya ce, "Ya waziri, na ɗauki 'ya'yansu ban tambaye su ba, na kuma hana su makokinsu. Ka sani, adalci shi ne a auna wa jama'a labarin asara da mudun da aka auna musu labarin nasara."