Surin Barmo

Mai gidana, Allah ya jiƙansa, shi ne yake ba yaranmu wannan tarihi. Tun da ƙasa ta rufe idonsa, ni nake bayarwa yadda na ji.

A zamanin da, tun dajin kudu bai san gatari ba, an yi wani maharbi ana ce masa Barmo. Kirarinsa shi ne: ƙi-gudu na gaban Nomau, baka ɗaya mai ciyar da zango. Da mahara suka ƙone ƙauyensu, sai ya kwashi waɗanda suka tsira, yawancinsu mata da yara, ya haye wani rafi da su, suka sauka a kan tudu tsakanin ruwa biyu. Nufinsa su huta su wuce.

Sai damina ta sauka da ƙarfinta. Rafin da suka taka da ƙafa ya zama kogi mai tafiya da itatuwa, na gabansu kuwa ya fi shi hauka. Ba jirgi, ba mai iya iyo a irin wannan ruwa. Gero ya ƙare. Barmo ya harbe namun tudun ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana ko kurege ba ya gilmawa.

Naman kaza kuwa ga shi nan birjik a gindin itatuwa, amma su mutanen ƙasar rairayi ne, ba su san shi ba. Ƙanen Barmo, Nomau, shi ma maharbi ne, ya ga alamar haƙorin ɓera a jikin wani fari tas. Maharba suna da magana cewa abin da dabba ta ci ba ya kashe mutum. Ya gasa ya ci, ya wuni lafiya. Washegari amai ya kayar da shi, daga baya ya miƙe yana dariya, yana cewa ya warke. Har mata sun fara murna, sai idanunsa suka juye ruwan ɗorawa. Bai sake tashi ba.

An ce bayan an binne shi tsawa ta faɗa kan wani babban suri a tsakiyar tudun, gari ya waye surin ya lulluɓe da naman kaza. Barmo ya haƙa da wuƙarsa. Wanda ya kashe ƙanensa gindinsa a cikin wata 'yar jaka yake zaune kamar ƙwai. Wannan kuwa saiwarsa doguwa ce, ta nutse har cikin gidan gara. Ya san ba iri ɗaya ba ne, amma bai san ko wannan ma yana kisa ba. Ya gasa ɗaya, ya ci a gaban kowa, ya ce ba mai taɓawa sai ya wuce kwanakin da Nomau ya yi.

Don kada ya ruɓe, ya yarda mata su tsinke su shanya a kan hayaƙi. Ƙanshi ya cika tudun, yara suka kewaye wutar suna kuka, shi kuwa yana zaune da bakansa a cinya.

Tabawa, matar Nomau, ta zo da ɗanta Tunau a kafaɗa, wuyansa ya langaɓe.

"Yaya, ga ka nan garau. Loma ɗaya nake roƙo."

"Nomau ma garau yake a rana irin ta yau."

"To in yunwa ta riga ka fa? Kai ka kawo mu nan."

Barmo ya ce mata kullum da hantsi ta zo ta duba idonsa da kanta, kada ta yarda da bakinsa. Haka ta riƙa yi, tana jan fatar idon da yatsa. Cikin wannan jira wata tsohuwa ta cika, tana kallon abincin da ke kan hayaƙi. Barmo ya haƙa mata kabari da hannunsa, kuma tun daga ranar bai sake bari a yi masa kirari ba.

Da kwanakin suka cika, Tabawa ta duba, ta ga ido fari. Ta tauna naman kazan, ta sa wa Tunau a baki. Ya haɗiye.

Ko da ruwa ya janye, ba su tashi ba. Nan suka yi bukkoki, wurin ya zama garin da ake kira Surin Barmo. Har yau ba a fasa suri a ƙasar, kuma ba a shigo da naman kaza gida sai da saiwarsa. Na farkon damina, wanda ya tsinko shi ne yake fara ci, a shanya saura. Komai girmansa, komai furfurarsa, sai ya durƙusa wata mace ta gidan ta duba idonsa, sannan a zuba wa yara.