Ɓauren da Ke Nuna da Bazara

A wani zamani mai nisa, tun duwatsu ba su gama ƙwari ba, an yi wani birni mai suna Zarnuwa, mai jar ganuwa da ƙofofi tara, wanda sarautar lambunsa ta daɗe a gida ɗaya: Korau ya gaji Shekarau, Shekarau ya gaji Nomau, Nomau kuwa shi ya dasa ɓaure na farko a bakin ƙoramar birnin. Korau ya haifi ɗa guda, Mantau, dogo siriri, baƙi wuluk, mai ƙarancin magana da yawan tunani, wanda zama wuri ɗaya ke yi masa kamar zama bisa garwashi.

Gidan nan yana da al'adar da yake taƙama da ita. Da zarar sanyi ya shigo ganye ya zube, sai a wasa wuƙaƙe a bi itatuwan ɓaure ɗaya bayan ɗaya, a datse duk reshen da ya shekara, a bar kututture tsaf-tsaf kamar kan da wanzami ya gama da shi. Da haka ake gane gwani. Ɓauren kuma sai ya yi 'ya'ya da kaka, lokacin da rumbuna ke cike maƙil, babu mai waiwayarsa sai tsuntsaye.

Ana nan sai damina ta gajarta shekara uku a jere, rumbuna suka riƙa ƙarewa tun tsakiyar bazara. Sarki Dambaro, mai dogon rawani da gajeren haƙuri, ya tara fadawa ya rantse cewa in bazara mai zuwa ta sake zuwa da yunwa, za a buga tambarin ƙaura, kowa ya ɗaure kayansa a bar wa kuraye birnin. Da labari ya iso lambu, tsoho Korau, wanda gwiwoyinsa suka daɗe da gajiya, ya ce shi ba inda za shi, a bar shi a gindin ɓauren kakansa. Mantau ya san uban nasa ba ya faɗar magana sau biyu. Ya kasa ci, ya kasa zama. Ya tuna fatake sun taɓa ba da labarin Birnin Ƙarau, can bayan Hamadar Gishiri, inda Sarauniyar aljanu Zubarjada ke da ɓaure mai haihuwa sau biyu a shekara, na fari da bazara. Ya soke wuƙarsa a ƙugu, ya fita ta ƙofar gabas bai yi sallama da kowa ba.

Ya ƙetare kogin da ke gudu yana hawa tudu, ya ratsa garin da mutanensa ke ta sauri tun haihuwarsu ba su taɓa isa ko'ina ba, ya keta hamada fara fat wadda gishirinta ya cinye takalmansa ya soma cin tafin ƙafarsa, har ya iso birni mai sheƙi da walƙiya, wanda ana hango cikin ɗakunansa tun daga wajen ganuwa. Aka kai shi gaban Sarauniya, doguwa mai kwarjini, mai idanu kore shar, tana zaune bisa karagar da ba ta taɓa ƙasa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi buƙatarsa a taƙaice.

Sarauniya ta ce, "Ɗan Adam, ba ma ba da irinmu ga wanda bai san riƙonsa ba. Ga itacen can. Kwana bakwai yana hannunka. In mun same shi yadda muke so, ka tafi da rabonka."

Da Mantau ya ga itacen sai ransa ya ɓaci. Ganye ya zube, rassa sun cakuɗe sun sarƙe, wani ya hau wani, wani ya ja ƙasa, abin da in a Zarnuwa ne da an kori mai lambun daga gari. Ya yi masa ban ruwa, ya share gindinsa, ya kewaya shi ya sake kewayawa, hannunsa na ta ƙaiƙayi. Kwana shida yana daurewa. Ranar ta bakwai da hantsi ya zare wuƙa, ya yi wa itacen irin aikin da ubansa zai gani ya sa masa albarka.

Yana cikin tara rassan sai ga Iya Duduwa, tsohuwar aljana mai kula da rijiyar lambun, gajeriya mai furfura har gadon baya. Ta tsaya ta dubi kututturen, ta dube shi, ta tambaye shi ko a garinsu haka ake gaida mai ciki, da wuƙa. Ta ɗauki reshe ɗaya ta kai masa dab da hanci. A kowace gaɓa, daidai inda ganye ya faɗi, akwai wani ɗan ƙullutu kore, bai kai ƙwayar wake ba.

Ta ce, "Ka gan su, jikana mai ƙaiƙayin hannu? 'Ya'yan bazara ke nan, suna barci a kan reshen bara. Na kaka su ke fitowa a sabon reshe. Wanda ya sare tsoho ya sare na fari."

Nan Mantau ya gane ɓarnar da ya yi. Aka ja shi zuwa fada, aljanu suka cika ta maƙil, masu fukafukai da masu ƙahoni da waɗanda murya kawai gare su. Sarauniya ta yanke hukunci cewa zai zauna a tsare har itacen ya mai da rassansa ya yi 'ya'yan fari, fiye da shekara guda ke nan, bayan an daɗe da buga tambarin ƙaura a Zarnuwa. Mantau ya hango tsohonsa a zuci, zaune shi kaɗai a kangon birninsu. Ya ɗaga kai.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, wuƙar da ta yanke ta iya mayarwa. A ba ni kakin zuma da igiyar rama."

Fada ta ɗauki guna-guni, domin aljanu ba su taɓa yanka itace ba, balle su san ana aurar da reshe ga kututture. Aka kawo masa. Ya tsaga kan kowane dungu, ya fiƙe gindin reshe, ya cusa shi ɓawo ya haɗu da ɓawo, ya ɗaure tamau, ya liƙe da kaki. Kwana uku yana safa da marwa a gindin itacen, Iya Duduwa na zolayarsa cewa zai haƙa musu rijiya ta biyu da ƙafa. A rana ta huɗu ƙullutan suka kumbura. Sarauniya ta zo da kanta, ta shafa ɗaurin, sannan ta ce sauran rassan da ke ƙasa nasa ne, amma ya sani ba za su ƙara wuce kwana biyu a yanke ba daga yau. Iya Duduwa ta naɗe su a jiƙaƙƙen zane, ta ce ya riƙe su da kyau ya rufe ido, ta zama guguwa ta sure shi.

Ya buɗe ido a bakin ƙoramar Zarnuwa. Sanyi na shirin fita, tsoho kuma ya riga ya sa an aske itatuwan duka. Korau bai tambaye shi inda ya je ba. Da ya ga yana tsaga kututturen da Nomau ya dasa yana cusa baƙon reshe, sai ya ce masa wannan ɗiban albarka ne, jinin gida ba a gauraya shi.

Mantau bai tsai da hannu ba. Ya ce, "Baba, ka ce ba za ka bar itacen nan ba. Ni ma ba zan bar ka ba. Sai dai itacen ya ciyar da gari."

Tsoho ya yi tsaki. Can kuma ya miƙo masa igiya.

Bazara ta zo da zafinta, rumbuna suka yi ƙaf, mata suka soma ɗaure tukwane a cikin tsumma, aka fito da tambari aka shanya shi a rana don fatarsa ta ɗame. Mantau na kewaya lambu safe da yamma yana matsa 'ya'yan da yatsa, suna nan kore, tauri kamar tsakuwa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Ranar da makaɗi ya ɗaga gula, Sarki Dambaro na tsaye a ƙofar fada, sai iska ta kaɗo wani ƙamshi mai zaƙi daga bakin ƙorama, har makaɗin ya manta abin da ya ɗaga hannu zai yi. Jama'a suka bi ƙamshin. Suka tarar da rassa sun sunkuya da ɓaure jawur, manya-manya, sun tsattsage suna ɗigar da zuma, wanda uku ke ƙosar da ƙato. Aka ci, aka shanya, aka kai gida-gida, ya riƙe birnin har sabon gero ya shigo.

Sarki ya sa aka mai da tambari ɗaki, ya naɗa wa Mantau rawanin Sarkin Lambu, ya kuma kafa doka cewa wuƙa ba ta taɓa reshen bara sai an tsinke 'ya'yan fari. Da sanyi ya zagayo, itatuwan suka tsaya da rassansu cakuɗe, ba aski. Korau na zaune a gindin na kakansa, ya dube su ya girgiza kai, ya ce tun da aka kafa Zarnuwa ba a taɓa ganin lambu mai muni irin wannan ba. Ya faɗa bakinsa cike da busasshen ɓaure. Ya kuma rayu shekara goma sha ɗaya a birninsa yana faɗar haka, har Mai kowa ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan tsoho, ya sa albarka a abin da muke dasawa.